Yadda Ake Tantance Gwarazan Kaka a Ƙananan Gasannin Besbol na Amurka: Aiki da Kakar 2023

A ƙarshen kakar 2023, 'yan wasa biyu a ƙananan gasannin besbol na Amurka sun gama da lamba iri ɗaya ta dacewar bugu, .323 kowannensu, wato sun dace a wajen 32 cikin kowane ɗari na zuwansu bugu. Ɗaya Michael Busch ne na Oklahoma City, reshen Dodgers, wanda ya buga homran 27 (wato bugun da ke tsallake katangar fili) cikin wasa 98. Ɗayan kuwa Jackson Holliday ne na gidan Baltimore Orioles, mai homran 12 kacal cikin wasa 125. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce Busch ya yi wa Holliday fintinkau. Amma da mujallar Baseball America ta tashi naɗa gwarzon shekara na ƙananan gasanni, Holliday ta ba, kuma ko ni aka miƙa wa alƙalami shi zan rubuta. Hanyar da ake bi a kai ga irin wannan hukunci ita nake so mu bi tare, da 'yan wasan kakar 2023 a gabanmu, domin idan ka iya ta sau ɗaya za ka iya ɗora ta a kan kowace shekara.

Maganarmu a kan masu bugu da tsaron fili ce, masu jifa suna da nasu awon daban. Ga kalmomin da zan riƙa amfani da su. Tasha ita ce kowace kusurwa daga cikin ukun da ɗan wasa ke zagayawa kafin ya dawo gida ya ci maki. Tsayuwa ita ce duk lokacin da ya zo gaban mai jifa da gora a hannu. Taga ita ce ɗan wurin nan da dole jifa ya ratsa kafin a ƙirga shi mai kyau. Idan mai jifa ya kauce wa taga sau huɗu, mai bugu zai tafi tashar farko salun-alun, wannan ita ce wucewar kyauta. Idan kuwa mai jifa ya gama da shi ba tare da ya tura ƙwallo cikin fili ba, korar jifa uku ke nan.

Ka fara sanin tambayar da kake amsawa

Tambayoyi biyu ne mutane ke cakuɗawa. Ta farko: wa ya fi kowa yin aiki a wannan kakar? Ta biyu: wa zai fi kowa zama babban ɗan wasa nan da shekara biyar? Sukan haɗu, amma ba kullum ba. Mike Hessman ya buga homran 433 a ƙananan gasannin Amurka, babu wanda ya kai shi a tarihi, ya kafa wannan tarihi a Toledo a 2015, amma a babbar gasar MLB homran 14 ya buga duk rayuwarsa. Mutum ne da ya yi kakanni masu kyau da yawa, ba tare da ya zama tauraro a sama ba.

Ni tambaya ta farko nake amsawa, da sharaɗi guda: nauyin aikin da aka ɗora wa mutum yana cikin aikin da ya yi. Yaro ɗan shekara 19 da ya tsaya gaban masu jifa 'yan shekara 25 ya dake su, ya yi abin da ya fi na ɗan shekara 26 da ya daki irin waɗannan masu jifa, ko da lambobinsu sun zo ɗaya. Ka rubuta tambayarka a saman takarda tun kafin ka buɗe kowane shafin alƙaluma, don in ba haka ba za ka tsinci kanka kana sauya ma'auni a tsakiyar aiki saboda wani ɗan wasa da ya kwanta maka a rai.

Tsanin da suke hawa, da abin da za ka kwafa

Tun 2021 da MLB ta sake fasalin ƙananan gasanni, kowace ƙungiya cikin 30 tana da rassa huɗu masu buga cikakkiyar kaka, jimilla 120. Daga ƙasa zuwa sama: Single-A, High-A, Double-A, Triple-A. Ƙasa da su akwai gasannin 'yan koyo a Arizona da Fulorida da Jamhuriyar Dominika, waɗanda kakarsu gajera ce, kuma ni ba na sa su cikin wannan lissafi. Single-A da High-A suna buga wasa 132, Double-A 138, Triple-A 150.

Shafuka uku sun ishe ka: MiLB.com, Baseball-Reference da FanGraphs. Ka tace jerin ya rage waɗanda suka yi tsayuwa 400 ko fiye, sai dai ka sassauta wa wanda aka ɗauke shi zuwa MLB a tsakiyar kaka, domin ƙwazonsa ne ya rage masa wasanni. Daga nan ka zaɓi kamar mutum talatin. Ga kowannensu ka kwafi shekarunsa, gurbin da yake tsarewa, yawan tsayuwa, AVG (dacewar bugu), OBP (kason tsayuwar da ya kai tasha), SLG (awon tashoshin da bugunsa ke kai shi), homran, wucewar kyauta, korar jifa uku, satar tasha (rugawa tasha ta gaba ba tare da an yi bugu ba) da kuma sau nawa aka kama shi yana satar.

Abu ɗaya nake roƙonka a nan: wanda ya buga a mataki fiye da ɗaya, ka rubuta layin kowane mataki daban, sannan ka rubuta jimilla a ƙasa. Jimillar Holliday ita ce .323/.442/.499, wato AVG, OBP da SLG a jere. Amma labarin yana cikin layuka huɗu: wasa 14 a Delmarva (Single-A) ya buga .396, wasa 57 a Aberdeen (High-A) .314, wasa 36 a Bowie (Double-A) .338, wasa 18 a Norfolk (Triple-A) .267. Wato ya fara kaka a Single-A ya ƙare ta a Triple-A, ya taka dukkan matakai huɗun cikin wata shida. Wanda ya kalli jimilla kaɗai ba zai ga wannan ba.

Shekaru: nan ne rabin aikin yake

Idan lokacinka kaɗan ne, wannan matakin za ka ba mafi yawansa. A kimance, ɗan wasan Single-A yakan kasance wajen shekara 21, na High-A 22 zuwa 23, na Double-A wajen 24, na Triple-A 26 zuwa 27. Baseball-Reference ta sauƙaƙa maka, tana da layi mai suna AgeDif da ke nuna tazarar shekarun ɗan wasa da na tsaka-tsakin gasarsa. Alamar debewa na nufin ya fi su ƙuruciya.

An haifi Holliday a Disamba 2003, ke nan ya buga kakar 2023 gaba ɗaya yana ɗan 19. A Bowie yana fuskantar waɗanda suka girme shi da wajen shekara biyar, a Norfolk kuwa wasu sun riga sun buga MLB sun dawo. Busch an haife shi a Nuwamba 1997, yana da shekara 25, ya fito daga jami'a, kuma wannan ce shekararsa ta biyu a Oklahoma City ta Triple-A, ya riga ya ga da yawa daga masu jifar gasar a 2022. Luken Baker na Memphis, wanda ya buga homran 33 cikin wasa 84 aka kuma ba shi gwarzon International League ta Triple-A, shekararsa 26. Ba laifi ba ne mutum ya kai 25 ko 26, kuma ba na rage musu abin da suka yi. Abin da nake cewa shi ne jikinsu ya riga ya cika, idonsu ya ga dubban jifa, suna buga wa sa'o'insu ne. Holliday kuwa sa'o'insa suna shekarar farko ko ta biyu a jami'a.

Me ya sa shekara biyu ko uku ke da nauyi haka? Tsakanin 19 da 24 ne ƙashi da tsoka ke cika, ƙwallon da a da take faɗuwa a hannun mai tsaron fili ta fara tsallake katanga. A lokacin ne kuma ido ke koyon bambance jifa mai lanƙwasa da mai miƙewa tun ƙwallo na barin hannu. Wanda ya riga ya iya kare kansa kafin waɗannan su zo masa, kana ganin abin da ba a cika gani ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma jerin gwarazan Baseball America ya nuna haka: Mike Trout a 2011, Ronald Acuña Jr. a 2017, Vladimir Guerrero Jr. a 2018, duk sun buga mafi yawan kakar suna 'yan 19.

Ka duba kuma yadda lamba take yi bayan ƙarin girma. Acuña a 2017 ya buga .287 a High-A, .326 a Double-A, .344 a Triple-A. Kullum aka ƙara masa nauyi sai ya ƙara ƙarfi, abin da ba kasafai ake gani ba. Yawanci lamba takan sauka a makonni biyu ko uku na farko sannan ta dawo. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne wanda ya sauka bai dawo ba har kaka ta ƙare. Tsallen da ya fi kowanne wuya shi ne daga High-A zuwa Double-A, domin a can ne masu jifa ke fara iya sanya jifa mai lanƙwasa a cikin taga duk lokacin da suka so. Saboda haka tsayuwa 300 masu kyau a Double-A sun fi min tsayuwa 500 masu kyau a Single-A.

A 2023 wannan awon ya ɗaga mutum biyu kusa da Holliday. Junior Caminero na Tampa Bay ya cika 20 a watan Yuli, ya buga .324/.384/.591 da homran 31 tsakanin Bowling Green ta High-A da Montgomery ta Double-A. Jackson Chourio na Milwaukee, ɗan 19, ya yi kusan kakar duka a Biloxi ta Double-A, da homran 22 da satar tasha sama da 40.

Hattara da wuce gona da iri. Ethan Salas na San Diego, mai cafka, wato mai kama jifa a bayan mai bugu, ya taka Double-A a 2023 yana ɗan 17. Abin mamaki ne ƙwarai, amma wasanni kaɗan ya buga a can kuma bai daki ƙwallo ba. Ƙuruciya tana ninka darajar aikin da aka yi ne, ba ta tsayawa a madadin aikin.

Ina aka buga, kuma da wace ƙwallo?

Homran a Albuquerque da homran a Fulorida ba abu ɗaya ba ne. Albuquerque tana kan tudu sama da mita 1,500, ta fi Jos tsayi, iskar wurin ba ta da nauyi kuma a bushe take. Ƙwallo na tafiya nesa, jifa mai lanƙwasa kuma ba ya lanƙwasawa yadda ya kamata. Reno, Salt Lake, El Paso da Las Vegas duk suna cikin gasa ɗaya da ita, Pacific Coast League ta Triple-A, kuma duk masu bugu na jin daɗinsu. Oklahoma City ba ta kan tudu, amma Busch ya yi wasannin waje da yawa a irin waɗannan filaye. A ɗaya gefen akwai Florida State League, inda iska ke da laima da nauyi, filayen kuma manya ne saboda an gina su ne don atisayen manyan ƙungiyoyi. Wanda ya buga homran 15 a can ya yi aiki. Amarillo a Texas League da Asheville mai gajeriyar katanga a ɓangaren dama su ma suna kumbura lamba.

Ƙwallon kanta tana sauyawa. A 2019 Triple-A ta koma amfani da ƙwallon MLB, homran suka yi tashin gwauron zabi. A shekarar ne Ty France ya buga .399 a El Paso, Kevin Cron kuma ya buga homran 38 a Reno cikin wasa 82. France ya zama ɗan wasa mai kyau a MLB, Cron bai daɗe ba. A 2023, Southern League ta Double-A ta gwada wata ƙwallo mai danƙo a rabin farko na kaka, mai sauƙin riƙo ga mai jifa. Korar jifa uku ta ƙaru a gasar, masu bugu suka sha wuya, sai a watan Yuli aka koma ƙwallon da aka saba. Chourio ya buga rabin farkon nan duka da ita, lambobinsa suka zama na tsaka-tsaki, da aka sauya ƙwallo kuwa sai ya ɓalle. Caminero ma ya shiga wannan gasa tun ƙwallon tana nan. Duk wanda bai san wannan ba zai rage wa Chourio maki a kan abin da ba laifinsa ba. A Triple-A kuma, a 2023 an sa na'urar da ke yanke hukuncin taga a duk filaye, tagar ta ɗan ƙanƙance, wucewar kyauta ta yawaita. Wannan ya taimaki OBP na Busch da Baker.

A aikace ga abin da za ka yi. Ka ɗauki wRC+ daga FanGraphs, lamba ce da ke auna bugun mutum da tsaka-tsakin gasarsa: 100 daidai da tsaka-tsaki, 150 ya fi shi da rabi. Wannan ya gyara maka bambancin gasa da gasa. Bambancin fili kuwa ka duba da kanka: ka buɗe alƙaluman gida da na waje. Idan mutum na buga SLG .650 a gida da .420 a waje, filinsa ne ke magana. Ka tuna dai rabin kaka ba shi da yawa, don haka ƙaramin bambanci ba komai ba ne, babba ne abin kulawa.

Karatun lambobin bugu

AVG ita kowa ke fara kallo, kuma ita ce mafi rauni, domin ba ta ƙirga wucewar kyauta, kuma bugun da ya kai tasha ɗaya da homran duk ɗaya ne a wurinta. Makin da mutum ya shigo da su ma kada su ruɗe ka, sun dogara ne da ko abokan wasansa suna kan tasha lokacin da ya zo. Abubuwa huɗu nake lissafawa da hannuna.

Na farko OBP, wato sau nawa ya kuɓuta daga kora. A nan Holliday da .442 ya ɗara Busch mai .431 da Baker mai .439, ya kuma bar Caminero mai .384 a baya sosai. Na biyu ƙarfi zalla: ka debe AVG daga SLG. Holliday .176, Caminero .267, Busch .295, Baker kuwa .386. A nan Holliday ne na ƙarshe, kuma gaskiya ce da dole a faɗa: bai nuna ƙarfin su Caminero ba a wannan kakar.

Na uku da na huɗu su ne na fi dogara da su: ka raba wucewar kyauta da yawan tsayuwa, ka raba korar jifa uku da yawan tsayuwa. Holliday ya samu wucewar kyauta 101, an kore shi da jifa uku sau 118, wato wajen 17 da wajen 20 cikin ɗari. Ɗan shekara 19 da ke barin jifa mara kyau ya wuce har sau ɗari a kaka, yana hawa mataki huɗu, idonsa ya riga shekarunsa. Waɗannan lambobi biyu suna da wani amfani kuma: suna daidaita da wuri. Binciken Russell Carleton, wanda FanGraphs ke kawowa, ya nuna korar jifa uku tana fara faɗin gaskiya tun wajen tsayuwa 60, wucewar kyauta wajen 120, alhali AVG na bukatar sama da 900. Ke nan ko a ɗan gajeren zama a sabon mataki za ka iya karanta su, AVG kuwa ko kaka guda ba ta ishe ta ba.

Brandon Wood shi ne misalin da kowa ke tunawa. A 2005, yana ɗan 20, ya buga homran 43 a Rancho Cucamonga ta California League, gasar da masu bugu ke so. An kore shi da jifa uku sama da sau 120 a shekarar, da ya hau Double-A a 2006 suka kusan kai 150. A MLB ya ƙare da .186. Alamar tana nan tun farko, homran ne suka rufe ta. Ka kwatanta da Guerrero a 2018: ya buga .381, wucewar kyauta 37, kora 38. Ba wai duk mai yawan kora zai faɗi ba ne. Kris Bryant an kore shi sau 162 a 2014, amma ya haɗa da homran 43 da OBP .438 a Double-A da Triple-A, ya kuma zama gwarzon National League, ɗaya daga sassa biyu na MLB, a 2016. Ma'aunina: wanda korarsa ta haura 30 cikin ɗari a ƙasa da Double-A, sai ya kawo babbar hujja kafin in sa shi a sama.

Sai gwajin sa'a, BABIP, wato kaso nawa na ƙwallayen da ya tura cikin fili suka kuɓuce wa masu tsaro. A MLB yakan zauna wajen .300, a ƙananan gasanni ya ɗan fi haka domin tsaro bai kai ba kuma filaye ba su da laushi ɗaya. Na Holliday a 2023, in ka lissafa, ya haura .400. Mai gudu da mai dukan ƙwallo da ƙarfi sukan samu mai yawa, amma .400 ba ya ɗorewa ga kowa. Na rubuta wannan a gefen sunansa a matsayin gargaɗi: .323 ɗin nan akwai sa'a a ciki, .442 ɗin ne ya fi zama nasa.

Wane gurbi yake tsarewa?

Mai cafka, da shotstof mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, da mai tsaron tsakiyar fili, su ne masu aiki mafi wuya. Mai tashar farko nasa ne mafi sauƙi, saboda haka ana sa ran ya biya da gora. FanGraphs tana da ƙiyasi na cikakkiyar kakar wasa 162: a ƙara wa mai cafka maki 12.5, shotstof 7.5, mai tasha ta biyu da ta uku da tsakiyar fili 2.5, a debe wa masu gefen fili 7.5, mai tashar farko 12.5, wanda ba ya tsaro sam 17.5. Tazarar shotstof da mai tashar farko maki 20 ce, kuma a lissafin besbol maki 10 kusan nasarar wasa guda ne. Holliday shotstof ne, Chourio tsakiyar fili, Caminero yawanci tasha ta uku, Baker tashar farko. Busch ya fi tsare tasha ta uku a 2023, amma an daɗe ana neman inda za a ajiye shi, kuma da ya koma Chicago Cubs a 2024 tashar farko aka ba shi.

Kada ka auna tsaro da yawan kuskure. Derek Jeter ya yi kuskure 56 a Greensboro a 1993, shekara ɗaya bayan haka ya zama gwarzon ƙananan gasanni, ya kuma tsare gurbin shotstof na Yankees kusan shekara ashirin. Yaro mai kaiwa ga ƙwallon da wani ba zai kai ba, shi ke yin kuskure a kanta. Abin da za ka duba shi ne inda ƙungiyarsa ke sa shi. In suna ta barin sa a shotstof duk da ƙarin girma, sun yarda da shi. In ka ga an fara kai shi gefen fili sau biyu a mako, sun fara sauya ra'ayi.

Gudu ba ya bukatar dogon bayani. An ƙara girman tasha daga inci 15 zuwa 18, an kuma taƙaita sau nawa mai jifa zai iya juyawa ya jefa wa ɓarawon tasha, don haka sata ta yi arha. A 2023 Victor Scott II da Chandler Simpson kowanne ya saci 94. Ka duba kason nasara, ƙasa da uku cikin huɗu asara ce ga ƙungiya. Simpson bai buga homran ko ɗaya ba a kakar, shi ya sa 94 ɗin ba su kai shi sahun farko a wurina ba.

Gani ya kori ji

Idan jerinka ya ragu zuwa mutum goma, ka kalle su. Ana nuna yawancin wasannin a intanet. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka yakan faɗo ƙarfe goma sha biyun dare a Najeriya da Nijar, don haka ni maimaici nake kallo, ina tsallakewa zuwa tsayuwar wanda nake bi. Tsayuwa ashirin ko talatin ga kowane mutum sun isa ka ga abubuwa uku. Yaya yake yi da jifa mai lanƙwasa da ya faɗi ƙasa da taga idan saura jifa ɗaya a kore shi, yana kai masa gora ko yana bari? Jifa mai gudu a saman taga yana riskarsa ko yana makara? In bahago ne, yaya yake yi da mai jifa bahago? Na taɓa sa wani matashi a sahun farko saboda lambobinsa, sai da na zauna na kalle shi na ga duk lokacin da jifa ya lanƙwasa waje, ƙafarsa ta gaba ta riga ta tafi, jikinsa na bin ta. A matakin da yake masu jifa ba su iya maimaita wannan jifa ba. A mataki na gaba sun iya, kuma lambobinsa suka zube.

Ga Triple-A da Florida State League, shafin Baseball Savant yana ba da saurin ƙwallo bayan ta bar gora. Mil 95 a sa'a, wajen kilomita 153, shi ake kira duka mai ƙarfi. Wannan lamba ba ruwanta da tudu ko gajeriyar katanga, don haka ita ce maganin shakkun fili. Sannan ka karanta rahoton masu farautar 'yan wasa a Baseball America, MLB Pipeline ko FanGraphs. Suna ba da maki daga 20 zuwa 80 a kan bugu, ƙarfi, gudu, tsaro da hannun jifa, 50 na nufin tsaka-tsakin ɗan wasan MLB. A kan tsaro musamman, idonsu ya fi duk lambar da za ka samu a ƙananan gasanni. Ka karanta su bayan ka gama naka lissafin, don kada su riga su cika maka kai.

Jerawa

Kada ka nemi lamba ɗaya da za ta yanke maka hukunci. Ka ɗauki mutum biyu-biyu ka tambayi kanka: in da aka sa wannan a gasar wancan, da shekarun wancan, a gurbin wancan, zai yi abin da wancan ya yi? Da haka nawa jerin na 2023 ya fito. Holliday na ɗaya, saboda OBP mafi girma cikin waɗannan biyar, a gurbi mai wuya, yana ɗan 19, a mataki huɗu. Caminero na biyu, kuma kusa ƙwarai: homran 31 a wannan shekaru, mafi yawansu a Double-A, da zan fahimci duk wanda ya ɗora shi a sama. Busch na uku, domin .618 a SLG ba wasa ba ne ko a wace gasa. Chourio na huɗu, rabin kakarsa na farko ya ja shi baya ko da an yi masa uzurin ƙwallo. Baker na biyar: shi ya fi kowa dukan ƙwallo, amma wasa 84 ne, a tashar farko, yana ɗan 26.

Ka sa kwanan wata a takardarka ka adana ta, tare da gargaɗin da ka rubuta a gefen kowane suna, domin shekara mai zuwa za ka dawo ka ga wane mataki ne ya faɗa maka gaskiya. Milwaukee ta ba Chourio kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 82 a Disamba 2023 tun bai taka MLB ba, ya kuma buga homran 21 da satar tasha 22 a 2024. Busch ya zauna daram a tashar farko ta Cubs. Caminero ya buga homran 45 a 2025. Holliday kuwa, da aka kira shi Baltimore a Afrilu 2024, ya ci bugu 2 kacal cikin 34, an kore shi da jifa uku sau 18, aka mayar da shi Norfolk kafin wata ya ƙare. Da na koma takardata, layin wasa 18 na Norfolk da BABIP ɗin nan da ya haura .400 suna nan a gefen sunansa.